Yadda na gyara murfin akwatin da ya ƙi rufuwa

Ƙaramin akwatin katakon maɗaci na yi don ajiyar zobba da tsofaffin hotuna. Da na ɗaura masa hinji biyu na tagulla sai murfin ya ƙi zama, gabansa na ɗagawa kamar milimita 2, in ka danna ka saki ya sake buɗe baki.

Na zaci laimar damina ce ta murɗa katakon, na kifa murfin a kan gilashi, ya kwanta daidai. Na goge bakin da samfefa, na sauya hinji, duk a banza.

Ashe gurbin hinjin ne ya yi zurfi, shi ya sa bayan murfin ke cin jikin akwatin kafin gaban ya sauka. Na kwance sukurorin, na yanka siririn kwali daidai faɗin gurbin, na shimfiɗa ɗaiɗai a ƙarƙashin kowane hinji. Tsofaffin ramukan na cusa musu tsinken ashana da gam, suka kwana. Washegari na huda sababbi da siririn bakin mahudi, na fara shigar da sukurun ƙarfe ya yi hanya, sannan na tagullar, don shi ba ya jure murɗa, kansa yakan tsinke. Murfi ya zauna lif, alhamdulillahi.

Wajen fenti kuwa, waje kaɗai na shafa wa banish, shafi biyu marasa kauri, bayan na sake cire hinjin. Cikin na bar shi haka, domin warin man banish ba ya fita daga rufaffen akwati, kuma yakan kama takarda.