Yadda ake haɗa filashin girka Windows ko Linux ba tare da ɓata data ba

Jefa fayil ɗin ISO, wato fayil guda da ke ɗauke da duk kayan girka Windows ko Linux, cikin filashi, kamar yadda ake tura hoto ko karatu, ba ya sa kwamfuta ta tashi da shi. Dole sai wata manhaja ta wanke filashin, ta sake tsara shi, ta shimfiɗa abin da ke cikin ISO ɗin yadda kwamfuta za ta gane shi tun kafin ta nemi nata faifan. Rufus ce aka fi yin aikin da ita. Kyauta ce, ƙarama ce, kuma ba sai an girka ta ba. Danne-dannen ba su da wuya. Yawancin aikin da ke lalacewa, tun kafin a danna komai yake lalacewa.

A fara da filashin, wanda a nan Maradi aka fi sani da kile. Giga 8 ne mafi ƙanƙanta ga Windows, amma 16 ya fi kwanciyar hankali. Matsalar ita ce jabu. Akwai filashin da aka rubuta wa giga 64 a jiki, kwamfuta ma ta nuna 64, alhali cikinsa bai kai haka ba ko kusa. Zai karɓi duk abin da ka zuba masa bai ce uffan ba, sai ana tsakiyar girkawa, bayan an riga an goge faifan mai kwamfuta, saƙo ya fito cewa wani fayil ya lalace. In ka ga mai giga 64 a teburin bakin kasuwa da kuɗin mai giga 8, araha ba ta ado. A gwada kowane sabon filashi da H2testw: tana cika shi taf da bayanai, ta sake karantawa, ta faɗi ainihin abin da yake ɗauka. Gwajin na cin lokaci, amma sau ɗaya ake yi. Mai shuɗin harshe a baki, wato USB 3.0, ya fi sauri nesa ba kusa ba, in ramin kwamfutar ma irinsa ne.

Sai ISO. Na Windows daga shafin Microsoft ake sauke shi, kuma na Windows 11 ya haura giga 5, don haka a nemi wurin da intanet ke tsaye, ko a bari sai dare. Adireshin saukewar da shafin ke bayarwa awa 24 yake yi ya mutu. A can ne kuma ake zaɓen harshe: in mai kwamfutar da Faransanci ya yi karatu, a ɗauko na Faransanci tun farko. ISO ɗin da ake yawo da shi daga shago zuwa shago ba lallai ba ne ya zama mugu, sai dai ba ka san hannu nawa ya bi ba. Tantance shi minti biyu ne. Buɗe PowerShell, tagar rubuta umarni da ke cikin Windows, rubuta Get-FileHash, ka bar fili, ka sa sunan fayil ɗin haɗe da adireshin inda yake. Za ta fito da dogon layi na haruffa da lambobi 64, shi ake kira SHA-256. Kwatanta shi da wanda ke shafin da aka sauko fayil ɗin. Harafi ɗaya ya saɓa, fayil ɗin bai cika ba ko an taɓa shi.

Yanzu ga inda ake yawan faɗuwa. Kwamfutar da za a girka wa ce ke yanke yadda za a tsara filashin, ba wadda ake haɗa shi a kanta ba. Sababbi suna tashi da UEFI, wato manhajar da ke fara kunna kwamfuta kafin Windows, suna son tsarin raba faifai da ake kira GPT. Tsofaffi, kamar na zamanin Windows 7, da BIOS na da, wanda UEFI ya gada, suke tashi, suna son tsohon tsarin, MBR. In kwamfutar tana kunnuwa har yanzu, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta msinfo32, ka duba layin Mode BIOS: ko ka ga UEFI, ko ka ga Hérité, wanda a ta Turanci ke fitowa Legacy. In aka saɓa, ko dai filashin ya ƙi bayyana sam a jerin abubuwan tashi, ko a kai wurin zaɓen faifai a ce ba za a iya girka Windows a nan ba saboda tsarin faifan GPT ne.

Akwai kuma dalilin da ya sa hanyar hannu, wato kwafe abin da ke cikin ISO zuwa filashi ba tare da Rufus ba, ke ba mutane kunya. Tsarin ajiyar fayiloli na FAT32, wanda UEFI ya saba karantawa, ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai giga 4, ga shi install.wim, babban fayil ɗin da ke cikin ISO na Windows na yanzu, ya wuce haka. Rufus na kauce wa wannan da tsarin NTFS mai ɗaukar manyan fayiloli, ta ƙara wani ɗan mitsitsin sashe a ƙarshen filashin da zai ba UEFI damar karantawa. Kada a goge wannan sashen don an ga kamar ba shi da amfani.

Aikin kansa: kwashe duk abin da ke cikin filashin, don komai zai tafi. Cire sauran filashi da katin waya daga kwamfutar, kada a wanke na wani. Buɗe Rufus, tabbatar sunan filashinka ne a layin sama, zaɓi ISO, zaɓi GPT ko MBR, danna maɓallin farawa. Koren layi zai riƙa tafiya har ya cika. Tsakanin minti goma da rabin awa, gwargwadon filashin. A yi shi a kan kwamfutar da batirinta ke riƙe caji. Wuta ta ɗauke a tsakiya, sai a sake daga farko. Wanda ke kan Windows 7 har yanzu, Rufus 3.22 ce ta ƙarshe da za ta buɗe masa.

Windows 11 na neman TPM 2.0, wani sashen tsaro da ke cikin kwamfuta, RAM giga 4 da faifai giga 64, kuma 64-bit kaɗai gare ta. Rufus na nuna akwatin cire sharaɗin TPM da na RAM kafin ta fara. Yana aiki, amma cire sharaɗi ba ya ƙara wa jaki gudu, kuma kwamfutoci masu tsohon processor Core 2 Duo ba sa tashi da fitowar Windows 11 ta 24H2 ko an cire. Tun da Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025, tsohuwar kwamfuta mai RAM giga 2 ta fi dacewa da Linux Mint mai Xfce, nau'inta marar nauyi, wadda ma ake iya gwadawa daga filashin ba a taɓa faifai ba.

Mai gyara da ke girkawa kullum, manhajar Ventoy ta fi masa Rufus: sau ɗaya ake saka ta a filashi, daga nan sai a riƙa kwafe fayilolin ISO kai tsaye, a zaɓi wanda ake so lokacin tashi. Mai giga 32 zai ɗauki Windows biyu da Linux.

Don tashi da filashin, soka shi kwamfuta na kashe, kunna, ka yi ta danna maɓallin zaɓi tun kafin tambari ya ɓace: F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo, Esc a yawancin Asus na hannu. In bai fito ba, canza rami tukuna, ƙurar hunturu kaɗai na iya hana shi kamawa, sannan a shiga BIOS a gwada kashe Secure Boot, tsaron da ke hana tashi da abin da kwamfutar ba ta amince da shi ba. In an kai wurin zaɓen faifai aka ga wayam, musamman a masu Intel ƙarni na 11 zuwa sama, direban Intel RST, manhajar da ke sa a ga faifan, ne babu. A saka shi cikin filashin a loda daga nan, ko a kashe zaɓin da ake kira VMD a BIOS. Sannan a dubi madannan kwamfutar kafin a wuce shafin farko. In layin haruffa na sama da A da Z ya fara, na Faransa ne. Aka bar shi a na Amurka, kalmar sirrin da aka rubuta da A za ta shiga da Q.