Yadda za ka zana filin garinku irin na mutanen Holan

Duk yaron da na ba fensir a nan Katsina nace ya zana waje mai kyau sai ya zano min dutse da ƙanƙara da wani gida irin na Turai, wallahi abin yana min ciwo. Mutanen Holan ma da haka suke, duwatsun Italiya suke zanawa alhali ƙasarsu shimfiɗe take kamar tabarma. Sai da suka daɗe suna yaƙi da Sifaniya, daga 1568 har suka samu 'yancinsu a 1648, a cikin wannan lokacin ne masu zanensu suka juyo suna zana gonakinsu da kogunansu da injinan niƙa masu aiki da iska, mutum ya kalli takarda yace wannan ƙasarmu ce.

To ga yadda za ka yi. Ka fita bayan gari da sassafe da takarda da gawayi ko alƙalamin kara da tawadar allo, kar ka raina su, Rembrandt kansa, shahararren mai zanen Holan, da alƙalamin kara yake yawo bakin kogin Amstel yana zane. Layin farko da za ka ja shine inda ƙasa ta haɗu da sama, kuma ka sauko da shi ƙasa sosai, ka bar wa sama kusan kashi biyu cikin uku na takardar, haka mai zanen Holan Jan van Goyen yake yi, nan take fili yake buɗewa. Abin da ke kusa da kai ka danna hannu ya yi baƙi, na nesa kuma ka ɗan shafa kawai, in lokacin hunturu ne hazo ma ya rage maka aiki.

Sannan ka nemi abu ɗaya da zai faɗi sunan wurin. Ruisdael, shi ma mai zanen Holan, in zai zana garin Haarlem sai ya sa babban cocin garin can nesa ɗan ƙarami, kai kuma kana da hasumiyar Gobarau, ko ragowar ganuwa, ko rumbu da kuka a gefen gona. Don Allah ka kalli itacen da kyau kafin ka zana, gawo da damina yake kakkaɓe ganyensa, da rani yake yin kore, in ka zana shi da ganye cikin gero tsaye duk manomin da ya gani zai san a ɗaki ka zauna ka yi.