Yadda ake gano matsalar kaset ɗin ajiya da ke cewa ya cika alhali da sauran wuri

Wani ƙanina da ke kula da sabar wani ofis nan Garwa ya kira ni da dare, ya ce Yaya kaset ɗinmu na ajiyar bayanan kwamfuta, LTO-7, an rubuta tera (terabyte) 15 a jikinsa amma ko 6 bai kai ba manhaja ta sa masa Full, har oga ya fara cewa jabu aka sayar musu. Na ce kar ya jefar da ko ɗaya tukuna, don kaset ɗin nan daga Duwala ake kawo mana shi kuma ba arha ba.

Toh da farko ka fahimci lambar da ke jikin kwalin. LTO-7 asalin cikinsa tera 6 ne, 15 ɗin nan sai in bayanan sun matsu ninki 2.5. LTO-6 kuma 2.5 ne da 6.25, LTO-8 12 da 30. In abin da kake kwafa hotuna ne da bidiyo da fayil ɗin zip, ko wanda aka riga aka kulle da sirri kafin ya iso injin da ke rubuta kaset ɗin, to ba abin da zai ƙara matsuwa, an riga an matse su. Sannan masu kaset da dubu suke lissafi, manhajoji da yawa kuma da 1024, shi ya sa tera 6 ke fitowa wajen 5.45 a allo. In ka ga ya tsaya kusa da nan lafiyarsa ƙalau, ya cika ne da gaske.

In kuwa a tera 2 ko 3 ya tsaya, buɗe log ɗin manhajar, wato inda take rubuta duk abin da ya faru, ka karanta layukan da suka zo dab da inda ta ce ya cika, wannan shi ne matakin da mutane suka fi tsallakewa kuma wallahi nan amsar take yawanci. Manhaja irin Bacula in ta samu kuskure wajen rubutu ɗauka take ƙarshen kaset ne ya zo, sai ta rufe shi ta nemi wani, alhali kebul ɗin SAS da ke haɗa injin da saba ne ya saki ko wuta ce ta ɗauke injin ya mutu ya tashi. A Linux ka buga umarnin dmesg ka ga ko akwai kuskure a daidai wannan lokacin. In babu kuskure duba saitin da aka yi, wani lokacin wanda ya haɗa tsarin ya sa iyaka a Maximum Volume Bytes tun zamanin tsohon kaset ƙarami, aka canja inji aka manta da ita. Ka tuna kuma share fayil ba ya dawo da wuri a kaset, sai an sake rubuta shi gaba ɗaya daga farko.

Yanzu sai babbar matsalarmu a arewa, ƙura. Injin LTO yana rubutu yana karanta abin da ya rubuta nan take, in bai gamsu ba sai ya sake rubuta shi a gaba ba tare da ya gaya maka ba, to in kan injin, wato abin da ke rubutu a zaren, ya yi datti ko ya cinye sai ka ga abu ɗaya an rubuta shi sau biyu sau uku, zaren kaset yana ta tafiya, a ƙarshe ya ƙare da gaske amma bayanan da suka shiga rabi ne. Lokacin hunturu ƙurar nan tana shiga ko ta ƙarƙashin ƙofa, ga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, ɗakin sabar kuma wani lokacin na'urar sanyi a kashe don grup (janareta) ba zai ɗauka ba. In injin ya kunna fitilar neman wanki, ko harafin C ya fito a na IBM, saka kaset ɗin wanki. Shi ma yana da iyaka, sau 50 ne ya ƙare, don haka ka riƙa rubuta ƙidaya a jikinsa. Kar kuma ka mayar da wanki abin kullum, sai injin ya nema.

Don ka raba laifin kaset da na inji, ɗauko sabon kaset dal ka gwada. In shi ma ya gaza a hanya injin ne, in ya cika daidai to wancan kaset ɗin ne ya tsufa, cire shi daga layi. Akwai manhajar gwaji ta kamfanin, L&TT ga na HP, ITDT ga na IBM, za su nuna maka yawan kuskuren rubutu. Masu Bacula suna da manhajar gwaji btape, umarninta na fill yana cika kaset har ƙarshe, amma fa yana goge abin da ke ciki, da kaset ɗin da babu komai a kai za ka yi.

Saura gudu. LTO-7 yana iya shan mega 300 a daƙiƙa, layin netwok na gigabit kuwa da ƙyar ya ba da 120, in fayilolin ƙanana ne ma ƙasa da haka sosai. Injin yana iya rage gudu amma akwai inda ba ya sauka ƙasa da shi, sai ka ji yana tsayawa yana komawa baya yana sake tashi, wannan yana cin kan injin yana cin kaset. Maganinsa a tara bayanan a faifan sabar tukuna sannan a zuba su kaset a tashi ɗaya.

Na ƙanin nan nawa da muka duba, kaset ɗin wankinsu ya wuce ƙidayarsa tuntuni, sun ci gaba da saka shi injin yana tofo shi ba ya wanke komai. Mun sa sabo, muka toshe ƙasan ƙofa da soso, gwajin washegari ya kai 5.4.