Yadda za ka koya wa ɗalibai netwok kafin ka kai su ga kutse

Malamai 'yan'uwana masu koyar da kwamfuta a Samaru, Kongo, Sabon Gari da Tudun Wada, kun san tambayar da yara ke fara yi a ajin nan, "Malam yaushe za mu koyi shiga Facebook ɗin mutum?" ko kuma wifi ɗin maƙwabci. Don Allah kar ka yi wa mai tambayar tsawa, kar ka kore shi, wannan zumuɗin shi ne zai zaunar da shi a aji. Ka dai gaya masa gaskiya, wanda bai san yadda saƙo ke fita daga kwamfuta ya isa wata ba, ba zai taɓa iya kutse ba, sai dai ya riƙa kwafo umarni daga YouTube yana liƙawa bai san me yake yi ba.

To ka fara da hannu, ka bar allo tukuna. Sayo kebul Cat6, kawunan RJ45 da abin matse su, kowa ya fere nasa ya jera wayoyi takwas ɗin nan a tsarin T568B: fari-lemo, lemo, fari-kore, shuɗi, fari-shuɗi, kore, fari-ƙasa, ƙasa-ƙasa. Za su ɓata kawuna da yawa, ka sayo da rara. Sai a haɗa laftof biyu, ɗaya a sa mata 192.168.1.10 ɗayar 192.168.1.11, mask ɗin 255.255.255.0, a buga ping, umarnin da ke gwada ko ɗaya na jin ɗaya. In ya ƙi tafiya duba fayawol na Windows, sau tari shi ke tare ping, kuma wannan ma darasi ne. Da zarar Reply ta fara sauka ka dubi fuskokinsu kawai. Daga nan ka ce a canza ɗayar zuwa 192.168.2.11, ping ya mutu, kai kuma ka yi shiru ka bar su su yi ta gardama har su gano dalili da kansu, wallahi wanda ya gano a nan ya fahimci subnet, wato yadda ake raba netwok rukuni-rukuni, fiye da wanda ya haddace shafi goma.

Matakan OSI guda 7 kuwa, wato tsarin da ke bayyana hawa-hawan da saƙo ke bi a netwok, ni dai a ganina kar a buɗe aji da su. Sai sun taɓa kebul, sun ga MAC adireshi, sun ga IP, sannan ka jera musu sunayen, lokacin za su zauna daram. In babu kuɗin suwic da rauta, Packet Tracer na Cisco, manhajar kwaikwayon netwok, kyauta ne in ka yi rajista da Networking Academy, a ciki za su haɗa garin netwok guda.

Wajen bayanin fot da fayawol mu 'yan Zariya Allah ya huwace mana misali a gida. Ganuwar birni ita ce fayawol, ƙofofin su ne fot, Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana, kowacce da inda take kaiwa, kuma da can mai son shiga birni da mugunta zagayawa yake yana neman wadda aka bari ba mai tsaro. Kwamfuta tana da fot har 65,535, amma su fara riƙe 80 na HTTP, 443 na HTTPS, 22 na SSH, 53 na DNS, 21 na FTP, sai 23 na Telnet. Su buga nslookup su ga yadda suna ke komawa lamba, su buga tracert su ƙirga rauta nawa saƙo ke bi kafin ya isa wata sabar a Turai.

Sai Wireshark, manhajar da ke kama saƙonnin da ke wucewa a netwok, nan ne ya kamata ka daɗe. Su kama zirga-zirgar laftof ɗinsu su nemo SYN, SYN-ACK, ACK, gaisuwar da TCP ke yi kafin magana. Sannan ka ɗora shafin gwaji irin DVWA a laftof ɗinka, wani ya yi login ta HTTP zalla, ka tace da http ka nuna musu fasawod ɗinsa a rubuce ɓaro-ɓaro cikin fakit. Daga ranar ba sai ka sake yi musu wa'azin HTTPS ba.

Kafin kowa ya taɓa Kali Linux, tsarin da ke ɗauke da kayan aikin gwajin kutse, a zauna a yi maganar doka, kuma kar a yi ta a gurguje. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta mayar da shiga kwamfutar wani ba izini laifi mai ɗauri da tara, ko da ka ce gwaji kake. Ni na fi so kowane ɗalibi ya sa hannu a takarda cewa ba zai gwada komai a wajen lab ba, ƙanana kuma iyayensu su sani. Ba wifi ɗin makaranta, ba na kafe, ba wayar ƙanwarsa. Yaran nan amana ne a hannunmu, kuma masu jan su zuwa yahoo suna nan a gari suna jiran wanda ya iya.

Lab ɗin kansa ba shi da tsada. VirtualBox, manhajar da ke gudanar da wata kwamfuta a cikin kwamfutarka, kyauta ne, ka sa Kali a gefe, Metasploitable 2 a gefe, wato na'urar da aka yi ta da gangan cike da ɓaraka don koyo, sai ka sa netwok ɗinsu a Host-only yadda ba abin da zai fita waje. Laftof mai RAM 8GB ta fi, mai 4GB za ta ja ƙafa amma a haɗa mutum uku a guda ma ya yi. Ka sauke fayilolin sau ɗaya ka raba ta filash saboda tsadar data, kuma kowa ya zo da cajinsa cike don wuta ba ta da tabbas. Su buga nmap -sV, umarnin da ke binciko fot ɗin da ke buɗe, kan IP ɗin Metasploitable, za su ga fot 21 a buɗe da vsftpd 2.3.4, sigar da aka taɓa cusa wa ƙofar baya a 2011, kuma yuza da fasawod na na'urar duk msfadmin ne, sai ka tambaye su rauta nawa ne a gidajenmu har yau suke kan admin admin. A waje kuwa scanme.nmap.org ne masu Nmap suka ba da izinin a gwada, shi ma a hankali.

Wanda ba shi da laftof kar a bar shi a baya, musamman 'yan mata da ba kasafai ake saya musu ba. Termux, manhajar buga umarnin Linux a wayar Android, ya isa ya shiga wasan Bandit na OverTheWire ta SSH ya koyi Linux, akwai kuma picoCTF, wasan koyon tsaron kwamfuta na jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, kyauta, ana iya yi musu gasa rukuni-rukuni ranar Asabar.

Makin ƙarshe kar ka ba da shi don yaro ya shiga na'ura. Ya rubuto maka rahoto shafi ɗaya ko biyu, me ya gano, a wane fot, wace ɓarna za a iya yi da shi, sannan yaya za a toshe, a sabunta manhajar ne, a rufe fot ɗin ne ko a canza fasawod. Ya koma ya toshe da hannunsa ya sake buga nmap a gabanka ka ga fot ɗin ya rufu. Wannan rahoton shi bankuna da kamfanoni ke biyan kuɗi a kai, don haka rabin makin ka ɗora shi a kan gyaran.