Yadda za ka fara koyon goge irin na Lalgudi Jayaraman

Ka ajiye gogen a gefe tukuna, da bakinka za ka fara. Da gaske nake wallahi. A kiɗan gargajiya na kudancin Indiya da ake kira Karnatik, gogen nan mai tsirkiya 4 da Turawa ke kira violin, muryar mutum yake bi, in ba ka iya rera abu ba to yatsunka ma ba za su gano shi ba. Shi Lalgudi, shahararren makaɗin gogen Karnatik da aka haifa a 1930, babansa V. R. Gopala Iyer ne ya horar da shi, yana ɗan shekara 12 ya fara raka mawaƙa a dandali, shi ya sa in yana kiɗa sai ka rantse gogen na furta kalmomin waƙar ne.

Sai zama. A ƙasa ake yi, ka tanƙwashe ƙafa ka ɗan turo ta dama gaba, kan gogen ya sauka a idon sawunka, gindinsa ya jingina a ƙirji kusa da ƙashin wuya. Haka hannun hagu zai huta da riƙo ya samu damar zamewa sama da ƙasa.

Tsirkiyoyin kuma Sa Pa Sa Pa za ka ɗaure su (Sa shi ne sautin tushe, Pa kuma na biyar daga shi), ba yadda Turawa ke yi ba. Ka kunna tanpura, kayan kiɗan da ke riƙe sautin tushe ba yankewa, ko na waya ne, ka daidaita da shi.

Darasin farko sunansa sarali varisai, wato hawa da saukar sautuka, a raga (jerin sautukan da ake gina waƙa a kai) mai suna Mayamalavagowla, tsarin da mawaƙi Purandara Dasa ya bari tun ƙarni na 16. Ka yi shi a hankali kana lissafin bugu 8 na zagayen kiɗan da ake kira Adi tala, sai ka ninka gudun, ka sake ninkawa.

Inda aikin yake dai gamaka ne. Yatsa ba ya dira kan sauti ya tsaya cak, zamewa yake daga wani ya girgiza ya faɗa wani, wani lokacin yatsa ɗaya ke yin tafiyar duka, kuma kowane raga da irin nasa lanƙwasar, takarda ba za ta nuna maka wannan ba sai malami ya yi a gabanka ka maimaita. Kar ka yi garaje a nan don Allah.

Lalgudi ya rasu a Chennai a 2013 amma rikodin ɗinsa na nan. Ɗauki tillana ɗaya, wato waƙa mai zafin kiɗa da ake yi kusa da ƙarshen wasa, cikin waɗanda ya tsara, ka saurari layi guda har ya zauna maka, ka rera shi, sannan ka ɗauko gogen.