Yadda Ake Saita Jita Don Kiɗan Doom

Doom reshe ne na kiɗan metal (kiɗan jitar lantarki mai ƙarfin sauti) da ke tafiyar hawainiya, sauti mai kauri, mai jimami. Tushensa makaɗan Black Sabbath ne na Birmingham a Ingila, 1970, daga baya Candlemass na Suwidin da Skepticism na Finland suka ƙara masa nauyi. Daɗinsa yana cikin jira: a bugi tsirkiya sau ɗaya, a bar ta ta yi kuka har ta mutu da kanta. Wanda ya taɓa sauraron goge da tsakar dare ya san wannan.

Fara da sassauta tsirkiyu. Jita tana zuwa a Mi, ka sauke ta zuwa Do: Do, Fa, La#, Re#, Sol, Do, daga mai kauri zuwa siririya. Tony Iommi, mai jitar Black Sabbath, wanda inji ya yanke masa kan yatsu biyu, ya sauke tasa zuwa Do# a 1971. Sai dai tsirkiyun 9-42 (lambar kaurinsu ke nan) da aka fi samu ba sa ɗaukar wannan, za su yi laushi kamar zare, sauti ya riƙa zamewa. Nemi 12-56, ko ka ba mai zuwa Kano ko Yamai saƙo. Mai kauri ba ta shiga tsagar kan wuya, a faɗaɗa ta da zarto a hankali. In tsirkiya na karkarwa a kan ƙarafa, sassauta ƙarfen cikin wuya da kwatan juyi kawai, ka bar shi ya kwana. Da hunturu itace na bushewa a Maradi, wuyan yana motsi, sai an sake dubawa.

A ampili kada ka ƙure gain, wato maɓallin da ke sa sauti gurnani, nan ne masu koyo ke ɓata kiɗan, komai ya cakuɗe. Bas a 6, tsakiya 6 ko 7, siririn sauti 4, sannan fuzz, ƙaramar na'urar da ke kaurara sauti, irin Big Muff, tsakanin jita da ampili. Bafil mai inci 8 zai yi ta ɓarɓarwa, mai inci 12 ake so. Gurnanin da ba ya tsayawa galibi daga kuran ne marar wayar ƙasa, sa batir mai 9V a fuzz ɗin ka ji bambanci.

Sai lokaci, kuma shi ne mai wuya. Sa metronom na salula, mai ƙirga maka lokaci, a 55, kowane bugu ya ɗauki ƙirge huɗu. Hannu zai so ya yi gaba, ka hana shi. Kama Do a buɗe, ba tare da danna tsirkiya ba, ka hau gida na shida na wuyan a tsirkiya ɗaya: wannan tazarar ce ke kawo duhun nan. Yi minti 15 kullum a kan buge uku kacal, da abin saƙalawa a kunne in maƙwabta sun kwanta ko an kira salla.