Yadda ake ɗora manhajar riga-kafi a saba ɗaya ta riƙa kula da duk kwamfutocin ofis

Duk wanda ya taɓa riƙe ɗakin kwamfuta a Samaru ko Kongo, a Zariya, lokacin da ɗalibai ke rububin buga furojet ya san halin filash. Mutum ɗaya ya soka tasa da safe, kafin la'asar bairos ya zagaye ɗakin. Bin kwamfuta talatin ɗaya bayan ɗaya ana sabunta riga-kafi wahala ce, kuma ba a rasa wadda aka tsallake. Mafita ita ce saba guda, wato babbar kwamfuta mai ba sauran umarni, tana ajiye rahoton kowace kwamfuta a rumbun bayanai. Manhajojin ESET PROTECT On-Prem da Kaspersky Security Center duk haka suke aiki.

Fara da ita sabar kanta. Ba ta lambar IP tsayayya wadda ba ta canzawa, wato adireshin da sauran kwamfutoci ke samunta da shi, ka haɗa ta da UPS, batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, ko inbata. Wannan ba ƙawa ba ne: idan aka ɗauke wuta rumbun yana tsakar rubutu, zai iya lalacewa kafin a tada janareto.

Sai rumbun bayanai, kuma a nan nake roƙon ka nutsu, domin shi ne zuciyar aikin. Ɗora shi tukuna kafin manhajar riga-kafin. A kan Windows Server, mafi sauƙi shi ne SQL Server Express, kyauta ne, amma sigar 2019 da ta 2022 ba sa barin rumbu ɗaya ya wuce gigabait 10. Ƙaramin ofis zai ishe shi, muddin ka saita a riƙa share tsofaffin rahotanni. Wanda ke Linux sai ya duba MySQL ko MariaDB, gwargwadon abin da manhajarsa ta yarda da shi. Buɗe wa manhajar asusunta na musamman da kalmar sirri mai ƙarfi. Kada ka miƙa mata asusun da ake kira "sa", wato babban makullin SQL Server, don kawai ka huta. Idan rumbun yana wata na'ura daban, kunna TCP/IP a SQL Server Configuration Manager, ka tabbatar da lambar ƙofar da yake saurare, wato port ɗin da saƙo ke shigo masa ta ciki. 1433 ce aka saba.

Yanzu kunna fayil ɗin ɗorawa. Zai tambayi adireshin rumbun, sunan asusu da kalmar sirri, sannan ya ƙirƙiri takardar shaida ta sirri wadda kwamfutoci za su riƙa gane sabar da ita. A katangar tsaro ta Windows, buɗe ƙofar 2222 in ESET ne, ko 13000 in Kaspersky ne.

Kowace kwamfuta tana buƙatar ɗan aike, ƙaramar manhaja mai kai da kawowa tsakaninta da saba. Cire tsohon riga-kafin da ke kanta, ka gwada a kwamfuta biyu kafin ka tura wa sauran. Na taɓa shafe yini a wani ofis a Sabon Gari, kwamfutoci huɗu sun ƙi bayyana a allo. Ashe na hannu ne, batirin agogonsu ya mutu, kwanan wata ya koma shekarun baya, sai suka ƙi amincewa da takardar shaidar. Duba agogo kafin ka zargi waya.

Ga abin da aka fi sakaci da shi. Sabar ma za ta samu riga-kafi, amma ka hana shi taɓa fayilolin rumbun, masu ƙarewa da .mdf, .ldf da .ndf. Microsoft da kansa ya ba da wannan shawara, domin binciken yana iya riƙe fayil a daidai lokacin da rumbun ke buƙatarsa, aiki ya yi nauyi ko ya tsaya cak.

Saita sabar ta sauko da sabuntawa sau ɗaya ta raba wa kowa, kuɗin data ya ragu. A dokar da za ka shimfiɗa wa kwamfutocin daga sabar, sa a binciki duk filash da zarar an soka ta.

Don gwaji, sauko da fayil ɗin EICAR a kwamfuta ɗaya. Haruffa 68 ne, ba ya cutarwa, amma riga-kafi na kama shi kamar bairos. Idan ƙararrawar ta fito a allon sabar, aiki ya kammala. A ranar ka kwafi rumbun da takardar shaidar a wani faifai daban, ka kulle shi a durowa, ka kuma riƙa sabunta kwafin duk Juma'a kafin a tashi.